Ana neman kalma kafin shirin 2 ga Afrilu

Hadiza: Salamu alaikum. Jibi, ranar otizim ta duniya, ina da shirin rediyo kan otizim, yanayin da ke shafar yadda yaro ke hulɗa da mutane, kuma wata kalma ta tsaya mini a wuya: motibasiyon sosiyal, wato abin da ke jan mutum zuwa ga mutane. A 2012 mai bincike Coralie Chevallier da abokan aikinta sun ce fuskar mutane da muryarsu ba sa jan hankalin yara masu otizim kamar sauran. A 2019 masu bincike Jaswal da Akhtar suka musa, suka ce rashin nunawa daban, rashin so daban. Ina son kalmar da ba ta yanke hukunci ba.

Mushe Sani: Son jama'a. Kowa zai gane.

Hadiza: Mushe, in na ce ba su da son jama'a, ai na zage su.

Malam Idi: Marmarin cuɗanya. Na daɗe ina amfani da ita. Kuma ƴata, mene ne otizim? Tun 2025 aka ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar, har yanzu muna aro?

Mushe Sani: Gidajen rediyon Najeriya galahanga suke cewa.

Malam Idi: Sai Kano ta tauna mu haɗiye? Maraɗi ba ta rasa Hausa ba.

Rabi: Galahanga dai kar ki faɗa, Hadiza. Da ita aka yi wa ɗana tsiya a lakwal har na cire shi. Shekararsa bakwai, bai taɓa kallon idona ya daɗe ba. Amma in ina tuƙa tuwo sai ya zo ya zauna, ya jingina bayansa da nawa, ya riƙe bakin zanena har in sauke tukunya. Wa zai ce mini ba ya sona? Mu da muke koya wa yaro sunkuyar da kai gaban manya, mu ce ladabi ne.

Malam Idi: Allah ya shirya miki shi, Hajiya. Amma marmari ya fi dacewa.

Mushe Sani: Malam, marmari na abin da aka daɗe ba a samu ba ne, kamar mangwaro.

Malam Idi: To, ba ku son Hausa mai zurfi, shi ke nan.

Hadiza: Baba Malam, zan ɗauki rabin taka: sha'awar cuɗanya da mutane. Otizim zan bar shi haka, in yi bayani. Yaya Rabi, kin yarda in ba da labarin zanen, ba suna?

Rabi: Na yarda.

Malam Idi: Sha'awa ma Larabci ce. Amma yi shirinki, zan saurara.