Me ya sa lungunan tsofaffin birane suka fi manyan tituna cika da jama'a?

Mai Neman Sani:

Assalamu alaikum. Akwai abin da ya daɗe yana ɗaure mini kai, kuma ina fatan masana za su warware mini shi. Duk lokacin da na dubi taswirar wani tsohon birni, ko Fas ta ƙasar Maroko, ko tsohuwar Alƙahira, ko tsakiyar Landan, sai in ga ƙananan hanyoyi a murɗe kamar saiwar bishiya, amma da zarar an fita zuwa sababbin unguwanni sai a tarar da tituna a miƙe sambal kamar an ja su da rula. Na kuma lura cewa a waɗancan lunguna ne masu saye da sayarwa da masu sana'ar hannu da masu zaman hira suke cincirindo, alhali manyan titunan zamani sau da yawa ba a jin komai a kansu sai ƙarar mota. Shin mutanen dā ba su iya tsara gari ba ne, ko da gangan suka yi haka? Kuma ƙuncin hanyar ne yake tara mata jama'a?

Malamar Tarihi:

Wa alaikumus salam, Malam. Mutanen dā sun iya jan miƙaƙƙen layi sarai. Mohenjo-daro, wanda kufansa ke ƙasar Pakistan ta yau, yana da tituna a miƙe da magudanan ruwa na tubali tun wajen shekara 2500 kafin haihuwar Annabi Isa, kuma Rumawa duk inda suka kafa sabon gari sukan ja manyan tituna biyu da suka gitta juna, sannan su yanka sauran filin gida-gida. Garin Timgad da ke Aljeriya, wanda Sarki Tarajan ya kafa wa tsofaffin sojoji wajen shekara ta 100 miladiyya, har yanzu idan aka dube shi daga sama kamar allon dara yake. Sai dai unguwannin da suka tsiro daga baya a wajen ainihin garin ba su bi wannan layi ba ko kaɗan, domin mazauna ne suka gina su da kaɗan-kaɗan, ba hukuma ba.

A nan amsar take a ganina. Miƙaƙƙen titi aikin mai mulki ɗaya ne da ya samu fili babu kowa, ko ya samu ƙarfin tashin waɗanda ke ciki. Murɗaɗɗen lungu kuwa aikin ɗaruruwan shekaru ne na rabon gado da ciniki da sulhu tsakanin maƙwabta. Dubi titin nan na Dimashƙa da ya ratsa tsohon birnin daga gabas zuwa yamma. A zamanin Rumawa faɗinsa ya haura mita 20, da ginshiƙai jere a gefe da gefe. Tun kafin Musulunci ya isa Sham 'yan kasuwa suka fara kafa rumfuna tsakanin ginshiƙan, rumfa ta zama shago, shago ya zama gini, har titin ya tsuke ya koma kasuwa. Babu wanda ya ji an cuce shi, saboda a lokacin raƙumi da alfadari sun riga sun ƙwace aikin dako daga hannun keken shanu, kuma dabba ba ta buƙatar faɗin da keke yake buƙata.

Kada kuma a ɗauka babu doka a cikin lamarin. Ya tabbata a hadisi cewa idan aka yi saɓani kan hanya a sanya faɗinta zira'i bakwai, wato mita uku da ɗan wani abu, gwargwadon abin da zai ishi raƙuma biyu da kayansu su gifta wa juna. Malaman fiƙihu sun kuma yarda mai gida ya amfana da ɗan filin da ke jikin katangarsa, ya zauna ko ya ɗaure dabba ko ya kasa kaya, matuƙar bai cutar da mai wucewa ba.

Ko a Turai haka abin yake. Bayan gobarar 1666 ta cinye gidaje kusan 13,000 a Landan, mai zanen gine-gine Christopher Wren ya kai wa sarki zanen sabon birni mai miƙaƙƙun tituna cikin 'yan kwanaki, amma masu filaye suna gaggawar komawa kasuwancinsu, kuɗin biyan diyya kuma babu, sai aka sake gini a kan tsofaffin layukan, aka ɗan faɗaɗa wasu, aka wajabta tubali da dutse a madadin katako.

Tsohon Safiyo:

Malama ta yi bayani mai gamsarwa, amma ina roƙon kada sha'awar lungu ta rufe mana ido. Wanda ya je yawon buɗe ido na yini biyu ba shi ne yake kwana a ɗakin da rana ba ta taɓa leƙawa ba, kuma ba shi ne zai tsaya yana kallo ba ranar da motar kashe gobara ta maƙale a bakin unguwa. Annobar kwalara ta 1832 ta kashe mutum fiye da 18,000 a Faris, babban birnin Faransa, kuma ta fi ɓarna a cunkusassun unguwannin tsakiyar birnin. Lokacin da sarkin Faransa Napoliyon na Uku ya damƙa wa Haussmann, gwamnan yankin Faris, aikin sake fasalin birnin daga 1853 zuwa 1870, ba tituna kaɗai ya fasa ba, ya shimfiɗa bututun ruwan sha da manyan magudanai a ƙarƙashinsu. Gaskiya ne akwai siyasa a ciki, domin a ƙananan lunguna ne masu bore suka riƙa kafa shinge a 1830 da 1848, kuma talakawa da dama da aka rushe wa gidaje sun koma bayan gari saboda tsadar haya. Duk da haka ban yarda a ce ɓarna zalla ya yi ba.

Na yi shekaru ina awon filaye, kuma zan ba da misali guda da na gani da idona. Mun taɓa yanka wata sabuwar unguwa, muka bar wa babban titinta mita 30, muka kafa duwatsun iyaka a layi ɗaya. Bayan kamar shekara goma sha biyar na koma neman wani dutse saboda rigimar iyaka, sai da muka ɗaga teburin wani tela sannan muka same shi a ƙarƙashin ƙafar kekensa. Kowane mai gida ya fasa katangar gaba ya fitar da shago, mai shago ya ƙara rumfa, mai tebur ya zauna gaban rumfa. A ranar na ji haushi ƙwarai, ban ɓoye ba, amma da na karanta abin da Malama ta faɗa kan Dimashƙa sai na ga ashe ba a kaina aka fara ba.

Matafiyi:

Baba Safiyo, misalin Faris da ka kawo ya amsa tambaya ta biyu ba tare da ka nufa ba. Titunan Haussmann faɗi gare su, amma cike suke da jama'a dare da rana, saboda ƙasan kowane bene shaguna ne da wuraren shan gahawa, samansa kuma gidajen kwana ne. Ke nan ba ƙunci ne sirrin ba.

Na taɓa kwana uku a tsohuwar Fas, inda mota ba ta shiga. Kana tafe sai ka ji an daka tsawa daga bayanka an ce "balak", ma'ana kauce, sai ka manne da bango alfadari ya wuce da tukwanen gas a bayansa, kayansa na gogar kafaɗarka. Abin da na lura shi ne ba duk lungu ne yake da hayaniya ba. Hanyoyin da suka gangara daga ƙofar birni zuwa masallacin Ƙarawiyyin, wanda aka kafa a shekara ta 859, su ne cike maƙil, domin kowane taku uku akwai ƙofar shago. Da ka karkata zuwa lungun gidajen kwana, wanda ya fi su ƙunci, sai ka ji tsit, babu abin da kake gani sai bango da ƙofofi a rufe.

Kwatanta wannan da Biraziliya, babban birnin Birazil da aka buɗe a 1960. Lúcio Costa, wanda ya zana tsarin birnin, ya ware wurin kwana daban, wurin aiki daban, wurin ciniki daban, ya haɗa su da manyan hanyoyin mota, har mai tafiya a ƙasa ya rasa kusurwar da zai tsaya ya gaisa da wani. Shekara guda bayan haka, a 1961, marubuciya Jane Jacobs ta fitar da littafinta kan birane a Amurka tana cewa titi yana rayuwa ne idan akwai dalilai mabambanta da ke fito da mutane a sa'o'i mabambanta, da ƙofofi da tagogi masu kallonsa, da mahaɗu kusa da juna. Ni dai abin da nake ƙirgawa yanzu idan na shiga baƙon gari shi ne yawan ƙofofin da ke buɗe a kan titi, ba faɗinsa ba.

Malamar Tarihi:

Maganar Malam Matafiyi ta tuna mini da Bagadaza. Halifa Mansur ya kafa ta a shekara ta 762 a kewaye kamar faifai, da ƙofofi huɗu, ta Kufa da ta Basra da ta Khurasan da ta Sham, fadarsa da masallaci a tsakiya, kasuwanni kuma a jere cikin hanyoyin da suka taso daga ƙofofin. Masu tarihi sun ruwaito cewa wani jakadan Rumawa ya yaba ginin, sannan ya ce wa halifa maƙiyansa suna kwana tare da shi, yana nufin baƙin da kasuwa ke shigo da su ba tare da an san ko su wane ne ba. Bayan 'yan shekaru Mansur ya fitar da kasuwannin zuwa Karkh, kudu da ganuwa, jama'a kuwa suka bi kasuwa. Yau babu ko tubali ɗaya na kewayayyen birnin da ya rage a tsaye, amma har gobe ɓangaren Bagadaza da ke yamma da kogin Dijla da sunan Karkh ake kiransa.