Faci yana ɗagowa daga tif a zafin hamada

Assalamu alaikum. Ina doguwar tafiya da keke a hanyoyin hamada, inda sai a wuni ba a ga gari ba, kuma tayar baya ta hana ni ci gaba.

Ƙaya ce take fara huda tif, sai in yi faci yadda aka saba: in kankare wurin, in shafa sholisho, in bari ya bushe kafin in manna. Da safe iska tana zama daram, amma da zarar rana ta take, gefen facin yakan ɗago, tayar ta sace a hankali. Na canza sholisho, na laluba cikin tayar ban taɓa sauran ƙaya ba. Da na rage iska saboda zafi yana ƙara mata ƙarfi, sai wata matsalar ta ɓullo, domin da nauyin ruwa lita 15 a baya, ƙarfen ƙafar yana matse tif a kan duwatsu ya yi masa huda biyu a jere.

Don Allah, ga wanda ya san irin wannan hanya: shin komawa taya marar tif, mai ruwan toshe huda, zai magance wannan a irin zafin nan?