Alƙawarin shekara 65 ga malamai: kishi ne ko ɗage bashi?

Tsohon hedimasta: Jama'a, ina nan kan bakana. Ɗan takarar gwamnan da ya tsaya gaban malamai ya ce zai aiwatar da dokar ritaya a shekara 65, mai kishin ilimi ne. Tun 2022 Buhari ya sa mata hannu: shekara 65 da haihuwa ko 40 a bakin aiki, maimakon 60 da 35. Gogaggen malamin lissafi a sallame shi da sauran ƙarfinsa, ajin kuma babu mai riƙewa, ai asara ce.

Malama mai ritaya: Malam, a yi lissafi. Wa'adin gwamna shekara 4 ne, ƙarin kuwa 5. Duk malamin da garatutinsa zai faɗo a zangon farko, an tura shi gaba ke nan. Bashin ya koma wuyan wani.

Tsohon hedimasta: Hajiya, ai albashi zai ci gaba da biya, kuma albashin babban malami ya fi na sabon ɗauka mai takardar shaidar malanta ta NCE.

Malama mai ritaya: Albashi wata-wata ne, garatuti dunƙule ake biyansa, shi suke gudu. Su kuma masu NCE ɗin sai su ƙara zaman jira.

Tsohon jami'in fansho: Ku duka kun bar inda ake gane mai gaskiya. Dokar fansho ta 2014 ta ce a cire kashi 8 cikin ɗari daga albashin ma'aikaci, mai ɗaukar aiki ya zuba kashi 10, kuɗin su shiga asusun fanshon ma'aikaci cikin kwana 7 na aiki bayan albashi. Jiha kan yi tata dokar, amma ɓarnar iri ɗaya ce: takardar albashi ta nuna an cire, asusu bai gani ba. Malami ba ya farga sai ya nemi bayanin asusunsa dab da ritaya, ya tarar da watanni fayau. To, in ɗan takarar ya taɓa riƙe ƙaramar hukuma ko ma'aikata, a duba: abin da ya cire ya zuba? Malaman firamare daga kason ƙananan hukumomi ake biyansu, tarihinsa na nan a rubuce.

Wakilin malamai: Haka ne Yallabai. A kuma tambaye shi sashe na 210 na kundin tsarin mulki, wanda ya ce a sake duba fanshon ma'aikatan jiha duk shekara 5 ko duk sanda aka sauya albashi. An kai mafi ƙarancin albashi naira 70,000 a 2024. Nawa zai ƙara wa 'yan fansho, kuma a wane kasafi?

Tsohon hedimasta: Tambayoyin na kan hanya, a yi masa su. Amma dokar 65 ba zan saki ba, makarantun karkara na bukatarta.

Malama mai ritaya: Ya haɗa ta da jadawalin biyan tsohon bashi, wanda ya riga ajiye aiki ya riga karɓa, sannan mu saurare shi.