Mu 'yan fansho da muka fara sa na'urar ji: yaya kuka saba da ita?

Tsohon hedimasta, Zariya:

Assalamu alaikum. 'Yan uwa, shawara nake nema wajen waɗanda suka riga ni. Bayan na ajiye aiki iyali suka matsa in je a duba kunnena, don sun gaji da maimaita magana, rediyo kuma sai na ƙure shi kafin in ji labarai. An yi gwaji, an ce sautuka masu siriri ne suka tafi, aka sa mini na'ura a kunne biyu. To ga ni da ita, amma abin da na samu ba shi na yi zato ba. Cokali ya taɓa kwano sai in ji har cikin kai. Fanka, takun silifa, buɗe leda, duk sun cika mini kunne, maganar mutane kuwa da ita nake nema har yanzu ba ta fita sosai. Kafin la'asar na gaji, sai in cire. Haka kowa ya fara, ko tawa ce ba ta dace da ni ba?

Tsohon ma'aikacin masaƙa, Kakuri, Kaduna:

Wa alaikumus salam, Malam. Haka kowa ya fara, kada ka karaya. Ni ƙarar injin saƙa ce ta ci kunnena, don a zamaninmu ba ruwan kowa da toshe kunne, magana ma a ɗakin saƙa da hannu muke yi. Ranar da aka sa mini na'ura, abin da ya fi damuna muryata ce. Sai in ji kamar na tura kai cikin randa ina magana. In ina cin ƙuli-ƙuli ko gyaɗa kuwa, ba na jin komai sai taunata.

Abin da ya taimake ni shi ne karatun Alƙur'ani a bayyane bayan asuba, da na'urar a kunne. Gida shiru, ba kowa sai muryata, a hankali har na daina jin ta baƙuwa. Daga nan na ƙara da hira da mai ɗakina mu biyu, sannan rediyo, sannan ƙofar gida. Kasuwa ita ce ta ƙarshe. Kullum ina ƙara lokacin sawa kaɗan kaɗan, har ya zama in na tashi da safe ita nake fara nema tare da tabarau. Kada ka ajiye ta sai ranar ɗaurin aure ko taro, wannan shi ke sa mutum ya tsane ta.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Kano:

Sannu Malam, Allah ya ƙara lafiya. Ni ma ina sa ta, kuma na yi aiki a asibiti, bari in ɗan yi bayani yadda aka koya mana kuma na gani a kaina. A can cikin kunne akwai wasu ƙananan ƙwayoyi masu gashi da ke karɓar sauti. Tsufa da yawan ƙara suna kashe su, kuma in sun mutu ba sa dawowa. Masu karɓar siririn sauti su ke fara tafiya, shi ya sa harufa irin s da sh da f da ts suke ɓacewa, mutum ya ce yana jin magana amma ba ya gane ta. Muryar jikoki da ta mata ta fi wuya saboda wannan dalili. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da kashi 25 cikin 100 na waɗanda suka haura shekara 60 suna da raunin ji mai hana harkokin yau da kullum, don haka muna da yawa, ɓoyewa kawai ake yi.

Jin nan ba rana ɗaya ya tafi ba, shekaru ya ɗauka, kuma a tsawon lokacin ƙwaƙwalwa ta manta da ƙarar cokali da fanka. Yanzu an dawo mata da su gaba ɗaya, ba ta san wanda za ta kula da wanda za ta yi watsi da shi ba. Koyo take yi, kuma yakan ɗauki makonni, wasu ma watanni. Gajiyar da kake ji da la'asar daga nan take.

Amma akwai abin da ba haƙuri ne maganinsa ba. In sauti yana yi maka zafi, ko robar da ke shiga ramin kunne tana goge maka shi har ya yi ja, ko tana fito ba dalili, koma wurin da aka sa maka. Da kwamfuta ake saita ta, za su iya rage sashen da ke damunka su bar sauran. Saitin farko ba shi ne na ƙarshe ba. Ka sami ɗan littafi kana rubuta inda ta dame ka da irin sautin, don in ka ce musu "tana ƙara" kawai ba su san inda za su taɓa ba.

Nawa ƙalubalen hijabi ne. Yadin yana goga makirfon ɗin da ke bayan kunne, duk juyawar da na yi sai in ji shuu. Na koma yadi mai laushi, ɗankwali kuma na daina ɗaure shi a kan kunne. Gidan suna da gidan biki har yau ba na jin daɗinsu sosai, mata 30 suna magana lokaci ɗaya ga kiɗa. Nakan ja wadda nake son hira da ita mu koma gefe.

Tsohon soja, Jos:

Ni wajen salla na fi shan wahala, kuma ban ji an yi maganarsa ba. Alwala sau biyar a rana, ga shafar kunne, na'urar kuwa ba ta son ruwa. Dole a cire. Ina da ɗan akwatinta a aljihun gaba, in cire in rufe, in yi alwala, in goge kunne da hankici ya bushe sannan in mayar. Kada a ɗora ta a bakin famfo ko kan buta, abu ne ƙarami, ƙafa ɗaya ta isa ta murƙushe kuɗin fanshon watanni.

Sai lasifika. A masallacin Juma'a in na zauna ƙarƙashinta huɗuba takan zama ƙara kawai. Na koma zuwa da wuri in sami sahun gaba inda nake ganin bakin liman, nesa da akwatin lasifika, in rage na'urar kaɗan. Akwai kuma fito da take yi in hula ta sauko ta rufe ta, ko a sujada in robar ta ɗan zame. Ranar farko na ɗauka wayar wani ce. Da aka sake auna kunnena aka yi mini sabuwar roba daidai ramin, fiton ya tsaya. Abin da na samu a madadin wannan hidima ba ƙarami ba ne: na daɗe ba na jin karatun liman sosai a sallar magariba, yanzu ina bin sa aya aya.

Tsohon ma'aikacin gidan waya, Maraɗi:

Gaisuwa daga Nijar. Ni zan yi maganar batir, don shi ne ya fi ba mu wuya a nan. Kowane girma da launinsa a takardar da ke manne a bayansa: lamba 10 rawaya, 312 ruwan ƙasa, 13 ruwan lemo, 675 shuɗi. Ka riƙe launin naka, in za ka yi saƙo a sayo maka daga Yamai ko Kano ba za a yi kuskure ba. Batirin agogo ko ya yi kama da shi ba irinsa ba ne. Batirin na'ura da iska yake aiki, da zarar ka ɓare takardar ya fara ci ko ba ka sa shi ba, don haka kada jikoki su ɓare maka, kuma a ɓoye shi daga gare su, haɗiye shi haɗari ne babba. In ka ɓare, jira kamar minti 1 kafin ka sa. Da dare buɗe murfin batirin.

Zafi ma abokin gaba ne. A watan Afirilu gumi yana shiga har ta riƙa yankewa. Ina kwantar da tawa a kwalba mai murfi tare da ƙwayoyin nan masu shanye danshi, kullum. Lokacin hunturu kuma ƙura ce ke toshe ƙofar makirfo, sai ɗan buroshi kowace safiya. Mai irin wadda ake caji, ya tabbatar yana da sola ko wata hanya, don wutar lantarki ba abin dogaro ba ce.

Tsohon akawu, Gusau:

Ni gaskiya tawa tana cikin durowa. Ba don ba ta aiki ba. A gida ina jin amfaninta, amma abin da na saye ta dominsa shi ne majalisarmu ta bayan isha'i, kuma a can ta gaza. Bakin titi ne, ga babura, ga janareton mai shago, mutum shida suna musu a kan siyasa. Sai dariya ta tashi ban san abin da aka faɗa ba. Wani kuma da ya ga abu a kunnena sai ya fara ɗaga murya yana mini magana da hannu kamar ban san komai ba. Wannan ya yi mini ciwo ƙwarai. Shekara 35 na yi ina riƙe da littattafan kuɗi, ba hankalina ne ya tafi ba.

'Yar ɗan fansho, Katsina:

Baba na Gusau, don Allah ka yi haƙuri in sa baki cikin maganar manya. Mahaifinmu ya yi irin wannan fushin, kuma rabin matsalar daga wajenmu take. Mun ɗauka tunda an sa na'ura shi ke nan, sai mu riƙa yi masa magana daga madafa ko da baya. Sai da ma'aikacin da ya saita ta ya zaunar da mu. Yanzu in za mu yi magana mukan kira shi tukuna ya juyo, mu fuskance shi, mu rage talabijin, mu yi magana a natse ba ihu ba, don ihu yana ɓata kalma. In bai gane ba, mu canja kalmar maimakon mu maimaita ta sau uku. Kuma mun hana kanmu cewa "bar shi kawai, ba komai", don ita ce ta fi ɓata masa rai. Abokan majalisa ma in aka gaya musu sau ɗaya, masu mutunci za su gyara.

Tsohuwar ma'aikaciyar jinya, Kano:

Alhaji na Gusau, ka fito da ita. In ta daɗe a ajiye kada ka sa ta haka, cire tsohon batir, ka kai ta a duba, a sake gwada kunnen, don jin yana canjawa kuma robar tana bushewa. A duba dauɗar kunne ma, ita kaɗai tana iya toshe na'ura, kuma a daina sa tsinken ashana ko gashin kaza a kunne. Ka tambaye su ko taka tana da saitin wurin hayaniya, da yawa suna da shi, maɓalli ne kawai ake dannawa. A majalisa ka zauna ka ba titi da janareto baya, fuskokin mutane a gabanka inda fitila ke haska su. In babu mai saitawa kusa da kai, akwai Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a Kaduna, kuma asibitocin koyarwa na Kano da Zariya da Sakkwato suna da sashen kunne da hanci da maƙogwaro. Ka tafi da takardar gwajinka ta farko don a kwatanta.