Neman kalmar Hausa domin shirin rediyo kan yara masu otizim

Mai gabatar da shirin lafiya, Gusau: Assalamu alaikum, malamaina. Ranar 2 ga Afrilu, wadda Majalisar Ɗinkin Duniya ta keɓe tun 2007 domin wayar da kai kan otizim, lalurar nan da ke shafar magana da mu'amalar yaro da mutane, zan gabatar da shiri, kuma jibi zan miƙa rubutun. Inda na maƙale shi ne bayanin cewa a jinin wasu yara masu wannan lalura an sami ƙaruwar sinadaran da garkuwar jiki ke saki, irin su IL-6, waɗanda ke nuna abin da Turawa ke kira "inflammation". Na rubuta "kumburi", amma raina bai kwanta ba.

Likitar yara, Gusau: Hajiya, dole ranki ya ƙi kwanciya. Kumburi ɗaya ne kawai cikin alamomi huɗu da Selsus, wani marubucin ilimin likitanci na daular Rum, ya lissafa tun ƙarni na farko, wato ja da zafi da kumburi da ciwo, kuma abin da ake aunawa a jinin yaran nan ba ya fitowa a fata balle uwa ta shafa ta ji. Idan kika ce kumburi kika yi shiru, gobe za a fara laluben kawunan yara ana neman inda ya tasa, wasu ma a kai su wurin wanzami. Shawarata ita ce "ɓoyayyen kumburi".

Malamin firamare, Anka: Me zai hana a ce "kumburin ciki"?

Likitar yara: Malam, duk wanda ya ji haka zai ɗauka yaron wake ya ci ya ɓata masa ciki.

Malamin Larabci, Ƙauran Namoda: Larabawa suna cewa "iltihab", daga "lahab", wato harshen wuta, kuma kalmar Turawan ma daga kama wuta ta samo asali. Tun da "lafiya" kanta daga Larabci muka aro ta, ban ga laifin "iltihabi" ba.

Tsohon malamin Hausa, Talatar Mafara: Allah gafarta Malam, idan wuta ake nufi ai muna da "ruruwa", ba sai mun je aro ba. Na daɗe ina cewa a yi amfani da "ruruwar garkuwa", domin garkuwar jiki ce ta tunzura ta ƙi lafawa, amma da yake ba daga Kano kalmar ta fito ba, kuma ba a ji ta a gidajen rediyon ƙasashen waje ba, babu mai kallon ta. Haka kuma ban san dalilin da ya sa 'yata mai gabatar da shirin take cewa otizim alhali ga "galahanga" ba.

Malamin Larabci: Baba, da Zamfarci da Kananci duk sun sha daga Larabci, kada a mayar da maganar ta gari da gari.

Likitar yara: Baba, ranka ya daɗe, "galahanga" ana jifan yara masu laluru daban-daban da ita, har waɗanda ba su da otizim. Damuwata da "ruruwar garkuwa" kuwa ita ce inda za a ji ta. Zamfara tana cikin jihohin da aka dakatar da allurar shan inna a 2003, kuma mai sauraron da ya ji garkuwar yaro ta ruru zai iya ɗora laifin a kan rigakafi, alhali maƙalar 1998 da ta haɗa allurar ƙyanda da otizim mujallar da ta buga ta ta janye ta a 2010. Hajiya, ki bayyana cewa ba a duk yaran ake samun wannan sauyi ba, ba a tabbatar shi ne sanadin lalurar ba, kuma da lura da magana da mu'amalar yaro ake gano otizim, ba da gwajin jini ba.

Mai gabatar da shirin: Na gode. Zan ɗauki "ɓoyayyen kumburi" tare da bayanin Likita, sinadaran kuma in kira su alamominsa a jini. Maganar galahanga sai wani zaman.

Tsohon malamin Hausa: Abin da bai kumbura ba a kira shi kumburi, ban gamsu ba. Amma shirinki ne, 'yata. Ki dai ambaci "ruruwa" ko sau ɗaya, mu ji abin da masu kiran waya za su ce.