Neman kalmar Hausa: me za mu kira ROSI?

Jama'a, masu rubutu kan tsaron kwamfuta suna yawan cin karo da ROSI (Return on Security Investment), wato lissafin da kamfanoni ke yi domin su san ko kuɗin da suka zuba wajen kare bayanansu ya biya. Wasu sun kawo shawarar "ribar jarin tsaro", amma ina da ja a kanta.

A bakin ɗan kasuwa, riba ita ce abin da ya hau kan uwar kuɗi bayan ciniki, alhali manhajar kariya da horar da ma'aikata ba sa shigo da ko kwabo cikin asusu, asara kawai suke tarewa. Ga shi kuma kalmar "tsaro" ita kaɗai, sojoji da masu gadi take fara kawowa a ran mai karatu.

Mu dubi lissafin kansa. A ce kamfani ya yi kiyasin cewa kutse zai riƙa ci masa dala 100,000 duk shekara, sai ya sayi kariya ta dala 20,000 wadda za ta rage kashi 60 cikin ɗari na wannan asarar. Ya tsirar da 60,000 ke nan, a cire kuɗin kariyar saura 40,000, ninki biyu na abin da ya kashe. Wahalar tana wajen kiyasin farko, domin da wuya wani akanta ya hango irin abin da harin muguwar manhajar NotPetya ya yi wa kamfanin jiragen ruwa na Maersk a 2017, inda asarar ta kusa dala miliyan 300, aka sake girka manhaja a kwamfutoci kusan 45,000.

Shi ya sa nake ganin "ribar rigakafi" ta fi dacewa. Kowane Bahaushe ya san cewa a rigakafi ana kashe kuɗi yau ne saboda abin da ba a so ya faru gobe, kuma ya san ba a wuce gona da iri a cikinsa. Wannan iyakar ita ce Lawrence Gordon da Martin Loeb na Jami'ar Maryland suka fitar a 2002, cewa galibi bai kamata kamfani ya kashe fiye da kashi 37 cikin ɗari na asarar da yake hasashe ba.

Na riƙe kalmar "riba" duk da jan da na yi a kanta, domin akanta yana cirewa yana rabawa kamar yadda yake yi wa kowane jari. A kanun labari a rubuta "ribar rigakafin kutse", a cikin bayani kuwa "ribar rigakafi" ta wadatar.