Wa ya taɓa harba bindigar bullpup a cikinmu? Musamman bahago

Bahagon Texas:
Salam 'yan uwa. Ina so in sayi bullpup irin ta farar hula, wacce jan kunama ɗaya harsashi ɗaya, don zuwa filin harbi. Matsalar ni bahago ne, ita kuma magazin ɗinta a bayan kunama yake, kwanso yana fita ne daidai kumatu. Wanda ya taɓa riƙewa ya faɗa min gaskiya don Allah.

Ɗan Zango:
Wa alaikumussalam. Ni na yi sojan Ingila, L85 muka riƙe, ita kam ba ruwanta da bahago, kowa da kafaɗar dama yake harbawa don ta dama take watso kwanso kuma hannun kokin (wanda ake ja don ɗana bindigar) ma yana ja baya tare da kowane harbi. Amma shiga mota da ita ko leƙa lungu akwai daɗi wallahi, ba ta kai santimita 80 ba alhali bututunta ya ɗan fi na M16 tsawo, ita ko M16 kusan mita guda ce.

Maman Hanif:
Ni mai gidana ne ya kai ni na gwada AUG ɗin nan ta Ostiriya, wacce sojojinsu ke riƙewa tun wajen 1977. Nauyin duk yana baya jikin kafaɗa, hannuna bai gaji ba ko kaɗan. Kunamar ce dai ban so ba, sai kai ta ja kamar kana matsa soso, wai wani dogon ƙarfe ne ya haɗa ta da injin da ke can baya.

Baba Tsoho:
Yaro, kar ka ari ta na-dama ka ce za ka gwada haka nan. Na ga wanda kwanso mai zafi ya fasa wa leɓe a gabana. Tavor da AUG ana juya su su koma hagu, amma sai an canza bolt, wato ƙarfen ciki da ke tura harsashi ya kuma fitar da kwanso. Ko ka nemi Kel-Tec RDB, ita ƙasa take zubar da kwanso, FS2000 kuma ta gaba. Ka toshe kunne sosai, ƙarar kusa da kai take.

Bahagon Texas:
Na gode Baba. Canza magazin fa?

Baba Tsoho:
Da farko hannu zai dinga zuwa gaba yana laluben iska, sai ka saba kai shi wajen hammata. Ka yi ta gwadawa ba harsashi a ciki. Ka kuma duba dokar jiharku kafin ka biya kuɗi.